Fashin Baƙi: Shin Haɗa Jirgin Ruwa Na Wasa Tare Da Yara Ɓata Lokaci Ne?

Idan uba ko uwa ko malami ya ware awa guda ya zauna da yara a gaban baho, suna naɗe takarda suna ɗaure tsinke domin haɗa ɗan ƙaramin jirgin ruwa, shin wani abin kirki aka yi, ko kuwa shiririta ce da za ta ƙare da jiƙaƙƙun tufafi? Tambayar ta daɗe a bakin iyaye, amma ta sake tasowa da ƙarfi saboda yadda wayar hannu ta cinye lokacin yara. A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba a gaban allon waya ko talabijin, kuma ɗan shekara 2 zuwa 4 kada ya wuce awa 1 a yini. A watan Maris na 2024 kuma Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya ware ranar 11 ga Yuni ta zama Ranar Wasa ta Duniya. Iyaye da yawa sun ji kiran sun kuma yarda da shi, sai dai sun tsaya cik a tambaya ta gaba: in an karɓe wayar, me za a miƙa wa yaron a madadinta?

Haɗa jirgin ruwa na ɗaya daga cikin amsoshin da ake yawan bayarwa, kuma yana cikin waɗanda aka fi yi wa gurguwar fahimta. Ana ɗaukarsa tamkar zane ko fenti, wato aikin da ake gamawa a yaba a ajiye. Alhali shi yana da alƙalin da sauran ayyukan hannu ba su da shi. Idan yaro ya zana doki ya fito kamar akuya, babba zai iya cewa ya yi kyau, maganar ta wuce. Idan kuwa ya haɗa jirgi ya ɗora a kan ruwa, ruwan ba ya kara kuma ba ya son kai: ko dai jirgin ya tsaya, ko ya kife, ko ya nutse, kuma yaron zai gani da idonsa ba tare da kowa ya faɗa masa ba.

Wane irin jirgi ake nufi?

Ba jirgin kanti mai batir ake nufi ba, ba kuma irin wanda ƙwararru ke shafe watanni suna sassaƙawa don ado ba. Ana nufin abin da yaro zai iya haɗawa cikin minti 10 zuwa 30 da kayan da ke kusa da hannu: takarda, kwali, gorar ruwa da aka shanye, murfin kwalba, soson wanke-wanke, busasshen kara, guntun katako, fallen alminiyom na naɗe kaya, tsinke, zare, salatif da robar ɗauri mai talewa. Wani jirgin takarda ce zalla aka ninke ta. Wani kuma shimfiɗa ce ta karare ko gorori biyu da aka ɗaure gefe da gefe. Akwai mai zurfi kamar kwano wanda ake gwada yawan kayan da zai ɗauka, akwai kuma wanda aka yi wa dabarar da za ta tura shi ya yi tafiya da kansa.

Kuskuren da manya ma ke yi game da nutsewa

Tambayi mutum goma dalilin da ya sa abu ke tsayawa a saman ruwa, mafi yawansu za su ce saboda ba shi da nauyi. Wannan amsa ce yara ke gada daga manya, kuma kwano da allura sun isa su rushe ta. Allura ba ta kai nauyin komai ba, amma in aka jefa ta a ruwa sai ƙasa. Kwanon ƙarfe ya ninka ta nauyi sau ɗaruruwa, amma ga shi nan yana lilo a sama.

Bayanin ya daɗe a hannun ɗan Adam. Arkimidis, masanin lissafin nan Bagirke da ya rayu a birnin Sirakus na tsibirin Sisili kuma ya rasu a shekara ta 212 kafin haihuwar Annabi Isa, shi ne ya rubuta ƙa'idar: duk abin da aka sa a ruwa, ruwan yana tura shi sama da ƙarfin da ya yi daidai da nauyin ruwan da abin ya ture daga wurinsa. Ke nan abin dubawa shi ne nauyin abu idan aka gwama shi da girman wurin da ya cinye. Lita 1 ta ruwan daɗi tana da nauyin kilo 1. Ƙarfe mai cike wuri ɗaya da litar nan ya kusa kilo 8, alminiyom kuwa kilo 2.7, shi ya sa dunƙulensu ke nutsewa. Amma in aka buɗe ƙarfen aka yi masa ciki mai faɗi, iska ta cika cikin, to shi da iskar gaba ɗaya sun fi ruwan da suka ture sauƙi, sai ya tashi. Sirrin manyan jiragen dakon kaya ke nan, kuma shi ne sirrin kwano.

Yaro ɗan shekara 5 ba ya bukatar jin sunan Arkimidis. Abin da yake bukata shi ne dunƙulen lakar roba ta wasan yara. Ya mulmula ta ya jefa, ta nutse. Ya ciro ta ya buɗe ta da 'yan yatsunsa ya yi mata siffar kwano, ya ɗora a hankali, ta tsaya. Ba a rage mata komai ba, ba a ƙara mata komai ba, siffa kawai aka sauya. A nan ne karin maganar nan ta gani ya kori ji take yin aikinta sosai, domin na sha ganin yaro ya maimaita wannan gwaji sau biyar ko shida a jere, kamar mai son ya kama ruwan da ƙarya.

Ga yaran da suka fara lissafi a makaranta, akwai gwajin da ya fi wannan daɗi. A yanka fallen alminiyom mai tsawon santimita 16 a kowane gefe. Idan aka ɗaga gefunansa da santimita 1, za a sami faranti mai faɗin 14 sau 14, wanda zai ture ruwa giram 196 kafin ruwa ya shiga cikinsa. Idan aka ɗaga da santimita 3, gindin zai koma 10 sau 10, amma abin da zai iya turewa ya kai giram 300. Idan aka zarce aka ɗaga da santimita 5, sai ya koma giram 180 kacal. Falle ɗaya ne, jirage uku ne masu ƙarfi daban-daban, kuma wanda ya fi ɗaukar kaya yana tsakiya. A bar yara su yi hasashe tukuna, sannan su riƙa jera tsakuwa ɗaya bayan ɗaya suna ƙirgawa har ruwa ya tsallako. Za su kuma gano da kansu cewa in aka tara tsakuwar a kusurwa ɗaya, jirgin zai nutse tun bai ɗauki rabin abin da zai iya ba.

Daga nan za a iya ja wa jirgin layi da alƙalami a gefensa, a ce kada ruwa ya wuce nan. Manyan jirage ma suna da irin wannan alama a jikinsu. Ana kiranta layin Plimsoll, da sunan Samuel Plimsoll, ɗan majalisar Birtaniya da ya yi gwagwarmaya har aka kafa dokar 1876, bayan da lodin da ya wuce kima ya daɗe yana hallaka matuƙa a teku.

Kifewa ta fi nutsewa yawa

Duk wanda ya taɓa zama da yara a kan wannan aiki ya san cewa jirgin farko ba kasafai yake nutsewa ba, kwanciya yake yi a gefe. Dalili kuwa shi ne yara suna son dogon tsinke da ƙaton filafili, wato ƙyalle ko takardar da ake kafawa don iska ta tura jirgin, su kuma ɗora masa tuta da direba da duk abin da ya ba su sha'awa. Nauyi ya taru a sama, gindi kuma siriri, sai ƙaramar girgiza ta kayar da shi.

Maganin ba ya wuce abu uku: a faɗaɗa gindi, a gajarta tsinken, ko a manna wani abu mai nauyi a ƙasan jirgin, kamar ƙusa ko ɗan dunƙulen laka. Na ƙarshen nan ne ke ba yara mamaki, domin hankalinsu bai kawo cewa ƙarin nauyi zai iya taimakon jirgi ba. Akwai kuma dalilin da ya sa ƙaramin jirgi ya fi babba saurin kifewa ko da siffarsu ɗaya ce. Idan aka rage tsawo da faɗi da zurfin jirgi sau 10, faɗin filafilinsa yana raguwa sau 100 ne kawai, nauyinsa kuwa sau 1000. Iskar da babba ba zai ji ta ba ta isa ta kwantar da ƙarami, don haka kwaikwayon hoton jirgi na gaskiya sak ba ya haifar da jirgin wasa mai tsayuwa.

Yana da kyau yaron da jirginsa ya kife ya ji cewa manyan magina ma sun yi irin kuskurensa. A ranar 10 ga Agusta 1628, jirgin yaƙin ƙasar Suwidin mai suna Vasa ya tashi daga tashar Stockholm a tafiyarsa ta farko, ɗauke da manyan bindigogi 64. Bai yi tafiyar da ta wuce kimanin mita 1300 ba iska ta kwantar da shi, ruwa ya kwararo ta tagogin bindigogin, ya nutse a gaban jama'ar da suka taru kallo. Nauyinsa ya yi yawa a sama. An ciro shi a 1961, kuma yau yana ajiye a gidan tarihi. Daga baya masu ƙera jirage sun koma gwada ƙaramin samfuri kafin gina babba. A farkon shekarun 1870 injiniya William Froude ya gina dogon tankin gwaji a Torquay da ke Ingila, inda yake jan ƙananan jirage a ruwa yana auna yadda ruwan ke tirje musu. Har yau haka ake yi a masana'antar jirage. Yaron da ke durƙushe a gaban baho yana gyara gindin jirginsa hanyar ɗaya yake bi.

Me ke tura shi?

Hanya mafi sauƙi ita ce filafili da hurawar baki. Mai bi mata ita ce farfela: a ɗaura robar ɗauri tsakanin tsinkaye biyu a bayan jirgi, a soka guntun roba mai tauri a tsakiya, a murɗa, a saki. Yara kan murɗa ta ɓangaren da bai dace ba, jirgin ya yi baya, kuma wannan ma darasi ne da bai kamata a hana su ba. Akwai na balan-balan, inda ake ɗaura bakinta a siririn bututu, iska ta fita ta baya jirgi ya yi gaba, abin da masanin kimiyya Isaac Newton ya bayyana a 1687 cewa kowane turi yana da turin da ke mayar masa da martani. Akwai kuma wanda ake ɗiga wa sabulun ruwa a wutsiya a faranti mai ruwa mai tsabta, sai ya zabura, saboda sabulun ya sassauta ɗaurin fatar ruwa a bayansa, ta gaba kuma ta ja shi. Sau ɗaya ko biyu yake aiki, sai an sake ruwa.

Inda ra'ayoyi suka rabu

Ɓangare na farko su ne masu ganin cewa lokacin yaro na karatu ne, wasa kuma lada ne da ake bayarwa in an gama abin da ya fi muhimmanci. Damuwarsu ba ta banza ba ce, domin suna son 'ya'yansu su ci jarrabawa. Sai dai abin da suke kira wasa a nan ya ƙunshi awo, ƙirga, hasashe, gwaji da gyara, waɗanda su ne ƙashin bayan darasin kimiyya da yaron zai tarar a aji. Riƙe almakashi da ƙulla zare kuma suna ƙarfafa 'yan yatsun da za su riƙe alƙalami. Sashe na 31 na Yarjejeniyar Kare Haƙƙin Yara ta 1989 ya lissafa wasa cikin haƙƙoƙin yaro, kuma a 2018 Ƙungiyar Likitocin Yara ta Amurka ta fitar da rahoto tana kira ga likitoci su riƙa ƙarfafa iyaye a kan yin wasa da 'ya'yansu.

Ɓangare na biyu suna cewa tun da akwai jirgin wasa a kasuwa, mai kyau kuma mai ɗorewa, me ya sa za a wahala? Gaskiya ne ya fi kyan gani. Amma an riga an warware masa kowace matsala kafin ya iso hannun yaro, don haka babu abin da ya rage wa yaron sai kallo da turawa.

Saɓanin da ya fi zurfi yana tsakanin waɗanda suka riga suka yarda da aikin, kuma a kan matsayin babba ne. Wasu suna ganin a nuna wa yaro mataki-mataki don kada ya karaya. Wasu suna ganin a zube masa kaya a ja da baya. A shekarar 2011 Elizabeth Bonawitz, mai binciken yadda yara ke koyo, da abokan aikinta sun wallafa wani bincike da ya taɓa wannan batu. Sun ba yara ƙanana wani abin wasa mai dabaru huɗu a ɓoye. Yaran da aka ce musu ga yadda yake aiki aka nuna musu dabara ɗaya, sun fi maƙalewa a kanta, sun kuma gano kaɗan daga cikin sauran. Waɗanda ba a koya musu kai tsaye ba sun fi daɗewa suna lalube, sun kuma fi gano abubuwa.

Wannan ba ya nufin babba ya naɗe hannu. Ninke jirgin takarda, alal misali, sai an nuna, domin ba abu ne da yaro zai ƙirƙiro shi kaɗai ba. A ganina iyakar tana nan: babba ya koyar da abin da hannu ke bukata, kamar ƙulli da ninki da yanka, amma ya bar wa yaro hukunci a kan siffa da girma da inda za a sa kaya. Na taɓa kallon wata yarinya 'yar shekara 6 da jirginta na soso ya kife sau uku. Mahaifinta ya miƙa hannu zai karɓa, sai ya fasa, ya ce mata, “Wane gefe yake faɗawa kullum?” Ta duba ta ce na dama. Ta zare tsinken, ta matsar da shi tsakiya, ta karya rabinsa, ta mayar. Da jirgin ya tsaya ba ta yi ihu ba, ta dai dube shi ta ce, “Baba, tsawon ne ya yi yawa.” Da ya karɓa ya gyara mata, da an sami jirgi mai tsayuwa minti biyar kafin lokacin, amma da wannan jimla ba ta fito daga bakinta ba.

Abin da ya fi wahala ga manya shi ne jure ganin jirgi karkatacce. Sau da yawa aikin kan koma gasar iyaye, yaro yana gefe yana kallon babba yana manna masa ado. Jirgin da ya fito daga irin wannan zama na babban ne, kuma yaron ya san haka.

Haɗarin da ba a yi masa sakaci

Nan ne ya kamata a tsaya a yi magana ba wasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a shekarar 2021, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Mutane da yawa suna ɗauka sai kogi ko tafki ne ke cin yaro. Ruwan da bai wuce 'yan santimita ba a bokiti ko baho ya isa, domin kan ƙaramin yaro ya fi jikinsa rinjaye, in ya leƙa ya faɗa da ka ba zai iya ɗago kansa ba, kuma abin yana faruwa shiru, babu ihu babu fantsama. Saboda haka babba ya kasance kusa yadda hannunsa zai kai ga yaron, idonsa a kansa, ba a kan waya ba, kuma kada a ɗora wa yayan yaro ɗan shekara 8 ko 9 wannan amana. Faranti mai faɗi ko baho mai ruwa kaɗan ya wadatar da kusan duk gwajin da aka ambata. Kai yara bakin rafi ko kududdufi don sakin jirgi yana da nasa haɗarin na daban, tun da abin da yaro zai fara yi in jirginsa ya yi nisa shi ne ya bi shi.

Sai kuma ƙananan kaya. A Amurka ana auna kayan wasan yara 'yan ƙasa da shekara 3 da wani bututu mai faɗin santimita 3.17, duk abin da ya shige ciki gaba ɗaya ana ɗaukarsa mai iya shaƙe yaro. Tsakuwa da ƙusa da ƙananan murafe suna cikin wannan sahu, don haka gwajin lodi na manyan yara ne. Balan-balan da ba a hura ba ko wadda ta fashe tana da haɗari ga yara har zuwa shekara 8. Reza da wuƙa da gam mai zafi aikin babba ne. Ƙaramin batir mai kama da maɓalli da ƙananan maganaɗisu kuwa kada su kusanci wurin sam, domin haɗiye su na iya ƙona ko huda cikin yaro. Akwai wani jirgin gwangwani mai tafiya da wutar kyandir, wanda wani Bafaranshe mai suna Thomas Piot ya yi wa rajista a 1891. Yana da ban sha'awa ƙwarai, amma wuta da kaifin gwangwani sun sa bai dace da ƙananan yara ba.

Bayan an tashi daga wasa

Ruwan bahon a zubar da shi nan take, a kife mazubin. Ban da haɗarin nutsewa, ruwan da ya kwana a ajiye wurin hayayyafar sauro ne, kuma cikin kimanin mako guda zuwa kwana 10 ƙwai kan zama sauro mai tashi.

Shi ma jirgin yana da inda ya kamata ya ƙare. Roba ba ta ruɓewa da wuri, kuma ruwa yana kai ta inda ba a zata ba. A watan Janairu na 1992 wata kwantena ta faɗo daga jirgin dakon kaya a arewacin tekun Pasifik, kayan wasan wanka na roba 28,800 suka watse, kuma an shafe shekaru ana tsintar su a gaɓoɓin teku masu nisan dubban kilomita. Farin soson nan da ake tallafe kayan lantarki da shi a cikin kwali ya fi muni, saboda yana marmashewa zuwa ƙwayoyin da kifi da tsuntsaye ke haɗiyewa. Idan har za a saki jirgi a ruwa mai gudu, to ya zama na ganye, kara, ɓawon itace da zaren auduga. Na gora da salatif kuwa a ɗaura masa dogon zare a hanci, a jawo shi in an gama, a shanya shi a ajiye, domin a zama na gaba yaron zai so ya gwada ko gorori uku za su fi biyu ɗaukar kaya.